Fankar Innarku da Motar Alhaji

Akwai labarin da na daɗe ina ji kuna bayarwa idan kun taru da salla, kuna tsammani barci nake yi a kujera. Wai ni ne na kwance fankar auren innarku, fankar da ba mu da wata sai ita, a tsakiyar bazarar Gure, tana cikin jego, don kawai in yi wasan mota a kwamfuta. Sani ne ke ba da labarin, alhali a lokacin ko zariyar wando bai iya ɗaurawa ba. Mariya ke ƙara masa gishiri. Ke kuma Rabi, da aka yi abin a kanki, kin fi kowa dariya. Innarku ba ta taɓa gyara muku ba, don labarin ya fi yi mata daɗi a haka. To, tunda har ƴaƴanku sun fara yi mini wani irin kallo, bari in rubuta yadda aka yi.

Shekarar da aka haifi Rabi ina koyar da kimiyya a kolej ɗin Gure. Muna haya a wani gida mai ɗaki biyu a jere da rumfa a gaba, rufin kwano ɗaya ya haɗa su, ba sili, ta yadda in aka yi atishawa a wannan ɗaki sai a amsa daga wancan. A shekarar ce na ɗauko kakanku Alhaji Ila daga Damagaram. Ku ba ku san shi da ƙarfinsa ba. Direban kamiyo ne, babbar motar kaya, tun kafin a shimfiɗa gudro a hanyar gabas, mutum mai murya, wanda in ya shiga tasha sai kowa ya san ya shigo. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama masa hagu, hannu da ƙafa. Bakinsa ya warware, amma shi ya ƙi amfani da shi. Muka ba shi ɗaki ɗaya, ya kwanta ya juya fuska bango. In an kawo tuwo sai ya taɓa ya ture. Akwai wani makanise a garin, Bukar, magidanci da furfurarsa, wanda ya yi wa Alhaji yaron mota da ƙuruciya. Kullum sai ya zo gaisuwa ya durƙusa a bakin ƙofa, Alhaji ko waiwaye ba ya yi. Likita ya ce da ni magani ya yi iyakar abin da zai yi, saura sai in shi ya so tashi.

Ana cikin haka wani abokina, Haruna, da ke aiki a wani furoje na dashen itatuwa, aikinsu ya ƙare, zai koma yamma. Ya bar mini wata tsohuwar kwamfuta da aka yafe masa, wadda a lokacin ordinater muke ce mata. Ba irin taku ta yanzu da ake sawa a jaka ba ce. Akwatin ƙarfe ne mai nauyin buhun gero, da gilashin kallo mai ƙaton ƙeya. Na ajiye ta a ɗakin Alhaji don nan ne tebur yake, da niyyar in riƙa buga tambayoyin jarrabawa. Sai na tarar Haruna ya bar wasanni a ciki, har da na tseren motoci. Wata rana bayan azahar na ce bari in gwada. Da na zo kwana sai in yi karo da shinge, in sake, in sake karo. Can na ji murya a bayana, muryar da na yi watanni ban ji ba.

"Kai, wane mara tsoron Allah ne ya ba ka farmin tuƙi?"

Na juya. Alhaji ya dogara da gwiwar hannunsa mai lafiya, ya zuba wa gilashin ido, ransa a ɓace.

"Ba a taka birki a cikin kwana. Kafin kwana ake takawa. Ɗaga ni."

Na ɗaga shi na zaunar a kujera, na tokare shi da matashi, na nuna masa maɓallan nan huɗu: gaba, birki, hagu, dama. Yatsun hannun damansa suka ishe shi. Ya faɗa rami, ya tsine wa wanda ya gina hanyar, ya ce a sake. Da yamma ya cinye tuwonsa ya tambaya ko da saura. Innarku ta fito tsakar gida da kwanon a hannu tana nuna mini, kamar ta tsinci zinariya.

Matsalar ita ce an yi na'urar don buro, wato ofis, mai sanyi, ba don ɗakin kwano a Gure ba. Bazara ta kankama. In Alhaji ya yi nisa a tsere, akwatin sai ya ɗau zafi har ba ka iya ɗora hannu, hoton ya tsaya cak, motar ta maƙale a tsakiyar hanya. Kuma akwai wata ƴar fanka a bayan akwatin, ba ta fi tafin hannu ba, wadda ta tsufa, tana wani irin kuka siriri mai shiga haƙori. Ke kuwa Rabi, Allah ya yi ki da kunne. Ba kya barci sai bayan azahar, kuma wannan ne kaɗai lokacin da innarku ke samun runtsawa. Shi ma Alhaji lokacinsa ke nan, don da safe jikinsa nauyi yake yi, da yamma idonsa ba ya gani sosai. Da an kunna sai ki tsala ihu. Innarku ba za ta taɓa buɗe baki ta yi wa surukinta ƙorafi ba. Ni ta tare a bakin randa, ta kira ni Mushe, yadda kowa ke kiran malamin makaranta a can.

"Mushe, ban ce a kashe ba. Na ga yadda Baba ya dawo cin abinci. Amma in yarinyar nan ta ci gaba da hana ni barci, to ka nemi tabarma ta biyu, majinyata biyu za ka yi."

Aiki ya zama biyu ke nan: na'ura ta yi sanyi, kuma ta yi shiru. Na kai wa Alhaji maganar zafin kawai, na ɓoye ta kukan. Ya ce wannan ai ba abin tunani ba ne, mota in ta yi zafi iska take so, a kira masa Bukar. Ranar da Bukar ya ji Alhaji ya kira sunansa, har ya haɗa da ce masa sakarai kamar dā, sai da ya share hawaye da hannun riga. Kafin la'asar ya dawo da fankar lagireto ta wata ƙaramar mota da ta yi hatsari, da batir a kafaɗa. Muka buɗe gefen akwatin, ya ɗaure fankar da waya. Alhaji ya ce a ba ta wuta.

Hular Alhaji ce ta fara tashi. Takardun ɗalibaina da ke kan tebur suka bi ta, suka fice ta ƙofa, har wata ta faɗa cikin ruwan wanki. Labule ya miƙe tsaye. Ƙarar kuwa, in ka yi magana ba ka jin kanka. Na'ura dai ta yi sanyi kamar gindin tulu, wannan ba zan hana Alhaji ba. Amma Rabi ta yi kukan da ba ta taɓa yi ba, kajin gidan suka haye katanga. Muna tsaka da neman yadda za a kashe, sai ga sallama. Maƙwabciyarmu ce, Iya Gambo, wata tsohuwa, da ƙwaryar gero a ka.

"Mushe, ashe injin niƙa ka kafa ba ka gaya wa maƙwabta ba? To ga nawa, kada a yi laushi da yawa, na fura ne."

Alhaji ya yi dariya har numfashinsa ya sarƙe, sai da na ba shi ruwa.

Daga nan na ce a bar mini, ni ne malamin kimiyya. Na shiga gari neman ƙananan fankoki. Na samo ɗaya daga wani mataccen injin fotokofi da aka jefar bayan wani buro, Bukar ya ciro mini irin wadda direbobin haya ke ɗaurawa a gabansu, na sami wata a wurin mai gyaran rediyo da shi kansa bai san daga ina ta fito ba. Bukar ya huda akwatin, na jera su duka suna hura iska ciki. A lissafina, yawan iska shi ne yawan sanyi. Da aka kunna, kowace ta kama nata kukan, wannan siriri, waccan kauri, kamar awaki a ranar kasuwa. Akwatin ya riƙa kakkarwa har kofin shayin Alhaji ya fara tafiya da kansa a kan tebur. Kuma bayan duk wannan, motar ta sake maƙalewa.

Alhaji ya ce laifina ne, zafi fitar da shi ake yi, a juya su duka su kalli waje. Aka juya. Sai na'urar ta koma zuƙar iska ta kowace kafa, tana haɗawa da rairayin tsakar ɗaki, kuma ba ta fasa zafin ba. Muka shiga gardama, ni da mahaifina, irin wadda rabonmu da ita tun ina saurayi. Ni ina zana masa kibiyoyi a bayan takarda, shi yana ba ni labarin yadda ya taɓa sanyaya inji da jiƙaƙƙen buhu a hanyar Gidigir. Bukar na tsakiya, in Alhaji ya yi magana ya ce, "Haka ne, Alhaji," in na yi ya ce, "Gaskiyarka, Mushe." Ni kuwa a raina daɗi nake ji, don mutumin da ke gardama ba ya juya fuska bango.

Abin da ya raba mu turare ne. Ɗakin ya cika da warin roba da ruwan batir, innarku ta kasa haƙuri. Kun san ta da turaren wuta, gadon gidansu ne a Kelle. Ta yi sallama ta ajiye kasko a bakin ƙofa ta tafi. Hayaƙin ya taso ya nufi akwatin, sai muka ga yana shiga ta wata kafa. Na ɗauko kaskon na matso da shi, muka cire murfin gefe muka rufe wurin da gilashin wani tsohon hoto don mu ga ciki. Mu uku, manyan mutane, muka haɗa kai muna kallon hayaƙi. Muka ga inda yake shiga, inda yake karo da tarin wayoyi ya dawo, da wani lungu a sama inda yake taruwa ya zauna ba ya motsi. A nan ne muka gane iska hanya take so, ta shiga ta wani wuri ta fita ta wani. Muka sa ɗaya a ƙasa ta gaba tana shigarwa, ɗaya a sama ta baya tana fitarwa, tunda zafi sama yake hawa, muka tattare wayoyin gefe muka ɗaure da zare. Hayaƙi ya shiga ya ratsa ya fita sumul.

"Ai abin da nake faɗa ke nan tun farko," in ji Alhaji.

"Baba, ni ma shi nake faɗa."

"Haka ne," in ji Bukar.

Gemun Alhaji ya kwana biyu yana ƙamshi, Iya Gambo ta riƙa tambayarsa yaushe ne ɗaurin auren.

Zafi ya yi sauƙi, saura kuka. A nan na ɗan yi amfani da karatuna. Na lura ƙaramar fanka dole ta yi gudu kafin ta tura iskar kirki, kuma gudun ne ke ihu. Ta injin fotokofin ta fi sauran faɗi, da na rage mata ƙarfin wuta sai ta koma juyawa a hankali, tana fitar da iska ba tare da an ji ta ba. Na cire tsohuwar mai kukan na sa ta a madadinta. Bukar ya yanko robar tsohon tub ɗin babur muka sa tsakanin ƙarfe da ƙarfe, kakkarwa ta tsaya. Abin da ya rage shi ne mai shigar da iska. Duk ƙananan da muke da su, in an rage musu gudu na'ura ta yi zafi, in an sake su Rabi ta farka. Babba muke bukata, mai faɗin fiffike, mai tafiya a hankali. Na bincika Gure kaf, na yi saƙo Damagaram, ba a dace ba. Akwai guda ɗaya da na sani, amma ko a mafarki ban furta ba. Ita ce fankar tebur mai shuɗin fiffike da aka kawo innarku da ita cikin kayan ɗaki. Har riga ta ɗinka mata mai baki da leshi. Ba mai taɓa maɓallinta sai ita. In an sa ta a lamba ta ƙasa, sai ka kai kunne kafin ka san tana aiki.

Wata rana Alhaji yana tsere, Rabi ta farka ta yi ta kuka ba ƙaƙƙautawa. Ta bango ana jin takun innarku tana kai da kawo, tana rarrashi da muryar da ta gaji. Alhaji ya ɗauke yatsunsa daga maɓallan, ya bar motar ta shige daji. Ya daɗe yana saurare.

"Dama saboda wannan kake ta canje-canje? Kashe ta. Rufe ta da zane. Na gama tuƙi."

Na ce saura kaɗan mu gyara. Ya ce in mayar da shi shimfiɗa. Ya juya fuska bango. Da dare bai taɓa tuwo ba, washegari ma haka. Bukar ya zo ya durƙusa ya tashi ba a kula shi ba.

Rana ta gaba na dawo daga koyarwa a lakwal ina zaune a ɗakin Alhaji, sai innarku ta yi sallama. Ta shigo da Rabi a baya, da fankar a rungume, da rigarta da komai. Ta durƙusa ta ajiye ta gaban shimfiɗar.

"Baba, amaryarka ce ta aiko ni." Haka Alhaji ke kiran Rabi, irin wasan kaka da jika. "Ta ce in gaya maka ita ba ta auren direban da ba ya fita aiki."

Alhaji ya juyo. Ya kalli fankar, ya kalle ta.

"Ƴata, a wannan zafin? Kina wankan jego? Ɗauki abinki."

"Baba, uwata ta haife mu duka a Kelle ba ta san fanka ba. Da mafici aka raine ni, ga ni kuwa ban narke ba."

Na buɗe baki zan ce wani abu, ta ɗauko turnabis ɗin da nake kwance ƙusoshi da shi daga kan tebur ta miƙo mini.

"Mushe, kwance ta yanzu, tun ban dube ta da kyau ba."

Haka aka yi. Hannuna ne ya kwance, wannan gaskiya ne, amma tana tsaye a kaina. Na cire ragar da wuyan, Bukar ya yanke gefen akwatin ya yi masa baki daidai faɗinta, muka tace iskar da ƙyallen tsohon gidan sauro saboda rairayi. Da aka kunna sai hoton ya kama rawa, don injin fankar ya yi kusa da gilashin. Alhaji, da ya ce ya gama tuƙi, ya ɗago kai daga shimfiɗa ya ce gudron ya lalace, a gyara. Muka sauke akwatin ƙasa nesa da gilashin, hanya ta miƙe.

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Bazarar nan ta yi tsawo, ruwa ya yi jinkiri. Ƙurajen zafi suka feso wa innarku a wuya da baya, suka feso wa Sani da Mariya. Ni kuma aka naɗa ni fanka. In na dawo daga aiki sai in zauna da maficin kaba ina yi wa mai jego da jaririya fifita har kafaɗata ta sage. Iya Gambo ta leƙo ta gani, kafin magariba unguwa ta ji cewa an shanye Mushe. Ɗalibaina ma suka samu labari, in na juya ina rubutu a allo sai in ji ana kaɗa littattafai a bayana. Fankar kuwa ba ta sake komawa siffarta ba. Na sayo wata daga baya, har yau innarku na cewa iskarta ba ta kai ta waccan daɗi ba. Shi kuma Alhaji ya yi tuƙinsa har ƙarshen rayuwarsa, ya ci ya sha, ya yi faɗa da kowa, ya bar duniya yana mutumin da muka sani. Allah ya jiƙansa.

Amma ranar farko nake so ku sani. Bayan azahar aka kwantar da Rabi. Na zaunar da Alhaji, na kunna. Shiru. In ba ka ga ƙyallen gidan sauron yana lotsawa ba, ba za ka ce akwai abin da ke juyawa ba. Na fito rumfa da sanɗa, na tarar da innarku ta jingina da bango ta lumshe ido. Na zauna ina jin kaina kamar wanda ya ƙera jirgi.

Abin da ban sani ba shi ne, tunda na'urar ba ta da lasifika, duk kwanakin nan kukan fankokin ne Alhaji ya ɗauka a matsayin kukan inji. Yanzu da aka yi shiru, sai ya ji kamar yana tuƙa mota a mace. Direba kuwa ba ya tuƙi bai ji inji ba. Sai kawai muka ji daga ɗakin:

"Vuuuum! Vuuuuuum! Gurrr, ta biyu! Vuuuuum!"

Da bakinsa yake yi, da dukan muryar nan tasa ta tasha. Yana canja giya, yana danna oda, yana zagin abokan tsere.

"Fam! Fam! Kauce, ɗan taksi! Gonar ubanka ce?"

Wallahi fankar lagireto ba ta kai shi ƙara ba. Na miƙe a guje zan je in roƙe shi, innarku ta riƙe mini gefen riga. Ta ɗaga labulen ɗakinta ta nuna mini da haɓa. Rabi na kwance ta baje hannuwa, baki a buɗe, tana barcin da tun haihuwarta ba ta yi irinsa ba. Alhaji ya ɗan tsagaita don ya haɗiye yawu, ta motsa ta ɓata fuska. Ya sake tayar da inji, ta koma.

Innarku ta daɗe tana kallon ƴarta. Sannan ta dubi ɗakin da gawar fankarta take, ta dube ni, gumi na bin fuskarta.

"Ashe ba shiru take so ba," ta ce. "Direba take so."